Ranar da Muka Shayar da Waya

Ni ban shiga aikin waya don ina son sa ba. Mahaifina manomin albasa ne a bakin gulbin Jega. Da Allah Ya yi masa rasuwa sai lambun ya yi mana kaɗan ni da yayyena, ga ni kuma da zuciya a kusa, ba na jure a riƙa ce mini ɗebo, zuba. A lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar ba. Sun ja wayarsu ta tangaraho daga kudu, ta biyo ta Maiyama ta shigo Jega, ta fita ta wajen Aliero ta nufi Sakkwato. Suna neman wanda ya iya doki, ya iya hawan itace, kuma ba ya tsoron daji. Duka ukun ina da su, sai aka ba ni bin layin kudu. Na gudu daga umarnin yayyena na faɗa a na Nasara, ka ji wayo.

Aikin ba wani abin alfahari ba ne. In bi turaku ɗaya bayan ɗaya, in duba fararen kofunan tangaran da wayar take zaune a kansu, in sare reshen da ya taɓa ta, in ɗaure inda ya saki. Daɗinsa guda ɗaya ne: rugar kawuna tana ƙarƙashin layin, kusa da Kuberi. Innata Bafillata ce, shi ne wanta. Tun kafin a san za a yi wani abu wai shi waya yake zaune a wurin, saboda akwai fadama da rijiyar da ba ta ƙafewa ko bazara ta kai ina. Dogo ne, ba ya son yawan magana, amma in dai tsokanata ce bakinsa a buɗe yake. Da ya hango ni sai ya ce, "Ga makiyayin igiya nan. Yau ta ba da nono?" Ni kuma in ce, "Kawu, tawa dai ba ta shiga gonar mutane." Sai ya yi murmushi ya sa a kawo mini kindirmo.

Shugabana a gidan waya na Jega akawu ne, mutumin bakin teku, Kirista, gajere mai tabarau. Hausarsa kamar an taka ta, amma zuciyarsa fes. Ba ya son ya tura mutum daji a makance, don haka ya zaunar da ni ya koya mini lissafin da yake yi kafin ya ce in ɗaura sirdi.

Ya ce abu uku ne. Akwai turi, shi ne ƙarfin da kwalaben batir da ke jere a kan kanta suke bayarwa. Akwai gudu, wato yawan abin da ke wucewa cikin waya, wata allura a cikin akwatin gilashi ita ke nuna shi. Sannan akwai tirjiya, taurin kan hanyar ke nan. Ka raba turi da gudu, ka sami tirjiya: in turi ashirin ne gudu biyu, tirjiya goma ce. In kuma ka ninka turi da gudu, ka sami ƙarfin aikin da ke sa ɗan ƙarfen da ke kan teburinsa ya riƙa bugawa ƙas-ƙas, yana kawo saƙo. Da farko kaina ya ɗaure. Sai na tuna lambunmu: tsawon inda jigo yake juye ruwa, da ruwan da ke gudu a kwalbati, da yashin da ke toshe shi. Na faɗa masa haka, ya buga tebur ya ce, "Shi ke nan, ka gama makaranta!"

Lissafin kuwa yana aiki, na gani da idona. In allura ta kwanta sam, waya ta tsinke. In ta yi tsalle fiye da kima, waya ta faɗi ta taɓa ƙasa, kuma da ya raba lambobinsa sai ya ce mini, "Je ka gab da Maiyama," in je in same ta a can kwance. Akwai abu ɗaya da ban yarda da shi ba. Ya ce abin da ya tafi ta waya, ta cikin ƙasa yake dawowa gida. Na ce a raina, wannan mutum ya raina mini hankali, amma na ƙyale shi tunda shi ke da teburi.

A wata bazara mai zafin gaske wayar kudu ta kama ciwo. Ba ta tsinke ba, ba ta faɗi ba, rauni kawai take yi. Ƙarfen da a da ake jin bugunsa daga bakin ƙofa ya koma sai akawu ya kara kunne, wani lokaci ma saƙo ya yanke a tsakiya. Kullum jiya ta fi yau. Ana cikin haka wani Bature mai rangadi ya sauka a Jega da saƙon gaggawa, aka yi ta bugawa ya ƙi tafiya. Ya fusata, ya ce lallai wani ne yake taɓa masa waya, a nemo shi.

Aka tura dogari ya bi layi. To, wa zai samu a wannan dajin in ba Fulani ba? Ya isa rugar kawu, ya ga ƙofar garken maruƙa an ɗaure ta da guntun waya. Ragowar da masu kafa turaku suka yar ce tun shekarun baya, ta yi tsatsa har ta gaji, kowa ya san da ita, ni kaina na sha ganinta. Amma mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ya taso ƙeyar dattijon nan a ƙasa, shi yana kan doki, har Jega. Baturen ya bar umarni kafin ya wuce: a tsare shi a zauren hakimi, in ya dawo daga rangadi waya ba ta warke ba, a tashi rugar daga ƙarƙashin layi, shi kuma a kai shi gidan yari.

Wallahi ranar na so in yi aika-aika. Na tsaya a ƙofar zauren ina zazzaga wa dogarin nan rashin mutunci, sai da mutane suka janye ni. Da aka bar ni na shiga, na sami kawu zaune a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, ga akushin tuwo a gefe bai taɓa ba. Ban iya haɗa ido da shi ba. Bai yi maganar kansa ba ko kaɗan.

Ya ce, "Shanu ba su iya tashi yanzu. Ka san yadda sunka rame. In an raba su da rijiyar nan cikin wanga zafi, rabinsu ba su kai gulbi."

Na ce, "Kawu, in Allah Ya yarda ba za a kai ga haka ba."

Ya ce, "To, igiyarka ce. Kai ka san ciwonta."

Bai faɗa da zafi ba, amma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. A gida kuma inna ta daina yi mini magana. Ba zagi, ba kuka, irin nasu na Fulani. Ta ajiye mini abinci ta juya. Ita a ganinta ni da waya da Bature duk kanwar ja ce, kuma ban ga laifinta ba.

Na ɗaura sirdi na bi layin nan kamar mahaukaci. Duk inda aka haɗa waya da waya na hau na kwance, na kankare tsatsa, na sake ɗaurewa. Na goge kofuna, na canza wanda ya tsage. Tafin hannuna ya sale saboda zafin ƙarfe. Da na biya ta rugar, mata suka fito suna dubana, babu mai tambaya, babu mai tayin nono. Na ga shanun tsaye a bakin rijiya, haƙarƙarinsu a waje, na san kawu bai faɗi ƙarya ba. Na dawo Jega ina cewa a raina ko aljani ne a kan wayar nan na kore shi.

Akawu ya ɗora allura. Tana nan inda take, ko gezau.

Ya ja allonsa ya yi lissafi a gabana. Ya ce turi bai ragu ba, don ya sabunta ruwan kwalabe ya kuma auna su. Gudu ne ya koma kusan rabi. In turi yana nan gudu ya koma rabi, to tirjiya ta ninka. Ya ce, "Akwai abin da ya tsaya a hanya, taurinsa ya kai na dukan wayar kudu."

Na ce, "A ina?"

Ya ce irin wannan ciwon, lissafi ba ya faɗin wurinsa.

Nan fa na fashe. Na ce to mene ne amfaninsa? Na ce shi yana zaune a inuwa yana wasa da lambobi, dattijo yana can ƙafa a kumbure, dukiyar gida guda za ta mutu a daji. Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba a faɗa wa shugaba. Ya cire tabarau ya goge. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ban auna arewa ba."

Layin arewa, wanda ya bi ta Aliero, ya fi na kudu gajarta zuwa gidan waya na gaba, saboda haka yana ta lallaɓawa, ba wanda ya kawo ƙararsa, ba wanda ya duba shi. Ya mayar da allura a kansa, ya karanta, ya raba. Ya sake rabawa. Sai ya juyo mini da allon, ya sa yatsa a kan lambobi biyu. Abin da ya ƙaru a kudu, shi ne ya ƙaru a arewa, daidai wa daida.

Ya ce, "Kawunka yana da ruga a Aliero?"

Na ce, "Ina fa!"

Ya ce, "To ɓarnar ba ta wurinsa. Mene ne wayar kudu da ta arewa suka haɗa?" Ya dubi ɗakin, ya ce, "Nan ne kawai. Kwalabe lafiya suke. Saura hanyar dawowa."

Ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya kamo wata siririyar waya da ta bi gindin bango ta fita ta wani ɗan rami. Na sha ganinta, ban taɓa tambayar inda ta nufa ba. Muka zagaya bayan gidan. Ta sauka jikin bangon ta nutse cikin ƙasa. Na aro galma wurin wani maƙeri na fara sara. Ƙasar ta bushe ƙamas, galma tana tashi kamar a kan falalen dutse. Da na yi zurfi sai ga faifan jan ƙarfe a binne, wayar tana manne da shi, babu ko alamar laima a kewayensa. Akawu ya ce ta nan abin yake shiga ya dawo, kuma busasshiyar ƙasa ba ta ba shi hanya. Ya ce a ƙa'ida ana zuba wa irin wannan faifan ruwa da rani, amma akawun da ya gada bai taɓa ambata masa ba, kuma tun zuwansa bai ga an zuba ko moɗa ɗaya ba, waya tana aiki lafiya lau.

Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "To wa yake ba ta ruwa duk shekarun nan?"

Ina tsaye cikin rami, gumi yana zuba, sai idona ya faɗa kan wasu faffaɗan duwatsu da ke jere a gindin bangon. Na san duwatsun nan. Na sha tsugunawa a kansu. La'ilaha illallahu! Dariya ta kama ni har na zauna a bakin ramin, akawu yana dubana yana tsammanin rana ta taɓa ni.

Abin da ya faru shi ne, bangon nan shi ne mai inuwa a duk kewayen. Mahauta da masu jakuna da fataken da ke jiran saƙo, a nan suke alwala, su yi salla a ɗan filin da ke gefe. Sau biyar a yini, rani da damina, buta bayan buta, daidai kan faifan da babu wanda ya san da shi. To bayan kaka sai 'yan kasuwa suka haɗu suka gina ɗan masallaci a bakin kasuwa, da rumfarsa da randunansa, kowa ya koma can. Ni ma har da ni a masu ɗaukar ƙasar ginin. Tun daga ranar ɗigon ruwa bai sake sauka a gindin bangon ba, ƙasa ta yi ta bushewa a hankali har bazara ta ƙarasa ta. Shi akawu ba ya alwala, balle ya lura an daina. Mu masu yi ba mu san muna shayar da komai ba. Laifi tudu ne, mun taka namu a bayan ɗaki muna hangen na Kuberi.

Na fita da gudu ina kiran masu tallan ruwa. Na yi wa ramin baki kamar fangalin albasa don kada ruwa ya malale, aka yi ta juye tulu. Akawu ya ce kada a ci gaba sai an kira shaida, ya aika a zo da wakilin hakimi, shi kuma ya taho da dogarin nan, wanda ya kamo kawu. Aka tsayar da su gaban akwatin gilashi aka ce su dubi allura. Kafin ka ce kwabo bayan gidan waya ya cika da jama'a. Wani mahauci ya ce, "Yau ga abin mamaki, ana ba waya ruwa kamar doki!" Wani ya ce a kawo mata dusa.

Da farko ƙasar ta shanye ruwan kamar ba a zuba ba. Ina waje ba na ganin allura, sai dai in ɗaga murya in ce, "Yaya?" akawu ya ce, "A ƙara." Aka ƙara. Aka sake ƙarawa. Can sai na ji muryar dogarin da kansa ta taga yana cewa, "Kai! Ta motsa! Wallahi tana tashi!" Ban san lokacin da na tsallake ramin na faɗa ɗakin ba, ƙafafuna duk taɓo. Allura tana hawa a hankali. Sai ƙarfen kan tebur ya ɗauki bugu, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, da ƙarfin da na manta yana da shi. Akawu ya raba lambobinsa, tirjiyar ta sauko kusa da inda take a da. Na jingina da bango ina ta hamdala.

Saura magana ɗaya, kuma ba ƙarama ba ce. Sai an sanar da Baturen, kuma gaskiyar ita ce ciwon a bayan ɗakin akawu yake, wurin da shi ne mai kula da shi. Yana iya cewa waya ta warke da kanta bayan an kama mai laifi, babu mai ƙaryata shi. Na dube shi, ya dube ni. Ya zauna ya buga saƙo zuwa garin da Baturen ya sauka, yana bugawa yana fassara wa wakilin hakimi da gurguwar Hausarsa: ɓarna a gidan waya take, ƙasa ce ta bushe, Bafillace ba shi da hannu. An ja masa kunne daga baya, na sani, bai kuwa taɓa yi mini gori ba. Na ba shi haƙuri kan maganganun da na faɗa masa, ya ce in bar shi da wannan, in dai kawo masa kilishi.

Amsa ta zo kafin la'asar: a sake shi, ruga ta zauna inda take.

Ni na shiga zauren na faɗa wa kawu. Ya shafa fuska, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya miƙe da ƙyar ya nemi sandarsa. Ya ce kafin komai in kai shi ya ga abin da ya ɗaure shi. Na kai shi bayan gidan waya, ya daɗe yana duban ramin taɓon nan, na yi masa bayani iyakar iyawata, turi da gudu da tirjiya da alwalar mahauta. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wanga ruwa da kunka zubar, da ya ishi maruƙana yini guda."

Muka biya gida. Inna ta fito, ta ga wanta, ta durƙusa ta gaishe shi kamar daga kasuwa ya dawo. Da ta juyo ta ce mini, "Kai, dubi ƙafafunka, je ka wanke." Maganar farko ke nan da ta yi mini tun da aka kama shi, kuma ban taɓa jin faɗa mai daɗinta ba.

Washegari na ɗora shi a kan dokina, ni ina ja. Da muka hango rugar, shanu suna bakin rijiya, bai jira na tsayar da dokin ba ya zame ya sauka. Ya shiga cikinsu da kumburarrun ƙafafunsa, yana kiran kowace da sunanta, yana shafa wuyansu. Bafillace ba ya ƙirga dukiyarsa da baki, amma na ga idonsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, na ga kafaɗunsa sun sauka. Duk suna nan. Sai a lokacin na ji wani nauyi ya bar ƙirjina, har hawaye suka zo mini, na juya na yi kamar ina gyara linzami.

Da ya fito daga cikinsu ya ɗaga kai ya dubi wayar da ta ratsa saman rugar, ya ce, "In ruwa ya sauka za mu tashi."

Na ce, "Haba Kawu! Ai an wanke ka. An ma sa mai zuba mata ruwa kullum."

Ya ce, "Na ji, kuma na gode. Amma abin da za shi jin ƙishirwa a Jega a kama mutum a Kuberi, ba a maƙwabtaka da shi."

Da damina ta kankama, ciyawa ta fito, shanu suka murmure, ya ɗaure kayansa a kan takarkarai suka yi gabas, a ranar da shi ya zaɓa. Babu wanda ya kore su, kuma ko maraƙi ɗaya ba su bari a hanya ba.